Jakar da Ƙanena Ya Dawo da Ita Daga Ƙasar Ƙanƙara

Ƙanena, mai shagon gyaran waya a unguwar Rusaifa, shi ya kawo mana maganar zamiya a kan ƙanƙara. Wani ofishi a unguwar Jarwal da ke nema wa alhazai masauki ne ya liƙa talla: kwana biyar a wata ƙasa mai duwatsu da ta fara karɓar baƙi, jirgi da ɗaki da kayan zamiya, duka da araha. Shi da abokansa uku suka tafi. Hotuna suka riƙa shigowa, ga shi cikin jar riga mai kauri, riƙe da sanduna biyu, bayansa fari fat.

Ranar da ya dawo ya ajiye jakarsa a barandata, ya ce zai zo ya ɗauka. Kwana huɗu rana tana dukanta. Ina dafa shinkafa wari ya iso har kicin, na zaci ɓera ne ya mutu. Da na zuge jakar sai da na ja da baya. Safa sun jiƙe sun yi funfuna. Wuyan jar rigar ya yi baƙi da maiƙo, ga gashin wani ja-ja maƙale a jiki. Gorar nonon goɗiya da ya sayo wa mahaifiyarmu tsaraba ta kumbura ta fashe, tsutsa na yawo cikin kayan. A magudanar baranda na yi amai.

Na kira shi ya zo, ya tsaya daga nesa yana toshe hanci.

"Yaya, rigar gwanjo ce, a can na saya."

"Ita zamiyar fa?"

Nan ya faɗi gaskiya. Su takwas ne a ɗaki guda. Ruwan banɗaki ya daskare tun rana ta biyu, kowa yana yin nasa a kan na wani. Takalman haya kuma da ɗumin gumin wani a ciki ake miƙo maka su. Sau ɗaya ya sa, aka ɗauki hoto, ya cire.

Da a nan ya tsaya da na ƙyale shi. Washegari na ji shi a matakala yana zuga maƙwabcinmu, wanda bai daɗe da aure ba, wai ya kai amarya can, wurin kamar aljanna. Wannan ya fi tsutsar tayar min da zuciya. Na sauka na kamo hannun amaryar, na kai ta baranda, na buɗe mata jakar.

Ta rufe baki da mayafi ta fita. Ƙarshenta garin Ɗa'ifa suka tafi hutunsu, ita da mijinta.

Ƙanena ya yi wata guda ba ya gaishe ni. Jakar kuwa shi na sa ya kai bola da hannunsa, sannan na wanke barandar sau uku da kilorin.