Inda Nake Zubar da Kunun Mama Asabe

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma wallahi da zan iya ɓoye nawa ɓangaren da na ɓoye, don ba abin alfahari ba ne.

Shekarun baya ina gyaran injinan niƙa a Kaduna, sai hawan jini ya kwantar da ni, likita ya ce in nemi inda babu hayaniya in huta. Wani abokin aikina, Bulus, ya ce ai tsohuwarsa na da ɗakuna a gonarsu can bayan Kafanchan, gindin duwatsun Kagoro, tana ba baƙi haya. Na hau mota na tafi a ƙarshen damina, ban taɓa taka kudancin jihar ba duk da a cikinta aka haife ni.

Wurin kam ya yi. Citta ta rufe ƙasa ko'ina, ga lemo, ga ruwa na gangarowa daga dutse. Mama Asabe, uwar Bulus, gajeriyar tsohuwa ce mai son raha, mijinta ya daɗe da rasuwa. Kullum da safe kafin ta wuce gona sai ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwanon kunun acca mai zafi, ta ce, "Ɗana, sha wannan, jini zai sauka. Ku mutanen birni shayi ya gama da ku."

To ga inda laifina yake. Ni ƙyanƙyamin kwanon nake yi. Na taso ina jin cewa mutanen nan burukutu suke zubawa a komai, kuma alade na yawo a gidajensu, ban tsaya na duba ba, alhali matar nan ko kare ba ta kiwo. Sai in karɓa da hannu biyu, in yi godiya, tana juya baya in zagaya bayan ɗakina. Akwai wani dogon dakalin siminti a gindin mangwaro, ciyawa ta ɗan rufe shi, nan gefensa nake tuttular da kunun in ja ƙasa da ƙafa in rufe. Da yamma in mayar mata da kwano, har da santin ƙarya. Ita kuwa ta yi ta murna tana gaya wa maƙwabta ɗan Hausa ya kamu da acca.

Ina cikin mako na biyu, wani hantsi na ce bari in hau dutsen in ga gari. Na bi wata siririyar hanya na yi ta hawa, na wuce gonakin da aka jera da duwatsu hawa-hawa, na wuce Fulani da shanunsu, har na kai inda rufin gidan Mama ya koma kamar akwatin ashana. Rana tsaka ce tarwai, ba dare ba, kada wani ya ce mafarki na yi.

Nan na tarar da wani dattijo zaune a kan dutse, da tsohuwar kwat a jikinsa, fartanya jingine a gwiwarsa. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a kamar ya san ni.

Ya ce, "Kai ne baƙon Asabe, ko? Sannu da ƙoƙari. Kunun da kake kawo mani kullum, ina samu."

Na ce, "Baba, ni ban taɓa kai wa kowa kunu ba."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kana kawowa mana. Amma ka gaya mata ta rage suga. Ta san ba na shan suga, me ya same ta?"

Ni dai abin da ya zo mini shi ne, tsohon nan ya taɓa leƙo ni ina zubarwa, habaici yake mini, kuma gobe maganar za ta kai kunnen Mama. Kunya ta rufe ni, na yi masa sallama a gurguje na kama gangara. Da na ɗan yi nisa na waiga, yana nan zaune yana kallon ƙasa wajen gidan.

Duk hanya ina shawara da zuciyata. In yi shiru, ta ji a bakin wani; in faɗa, da wane ido zan kalle ta? Na iso na same ta a tsakar gida tana wanke citta a babban baho. Na tsuguna, na fara da saƙon tsohon, don shi ya fi sauƙin faɗa.

Hannunta ya tsaya a cikin ruwan. Ta ce, "Wa ya ce a rage suga?"

Na ce wani dattijo ne a kan dutse.

Ta dube ni, ta ce a hankali, "Ɗana, kunun nan, ina kake kai shi?"

Na tashi kawai, ta biyo ni har gindin mangwaron, na nuna mata da yatsa. Ƙasar wurin ta yi danshi, tururuwa sun yi layi.

Ta ce, "Wannan ba wurin zama ba ne. Baban Bulus ne a nan. Mu a gida muke binne namu." Ta sunkuya ta cire ciyawar da ke kan simintin. "Tun da na aure shi bai taɓa yarda da suga a kunu ba. Don kai nake sawa, na ji an ce ku kuna son zaƙi."

Ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ina kame-kame, ta ce, "Tashi, Ubangiji ya gafarta mana duka. Da ka ce ba ka so, ai da na dafa maka shayinka."

Washegari na zaci ba za ta zo ba. Ta zo, ta miƙo kwanon, ta tsaya. Na shanye shi a gabanta, ba suga ko kaɗan.

Ban san wa na gani a kan dutsen nan ba. Mai yiwuwa wani tsoho ne na ƙauyen da ya san mijinta, haka nake gaya wa kaina. Amma akwai hoton marigayin rataye a falonta, kuma har na bar gonar, duk shigar da zan yi kaina a ƙasa yake, ban yarda na ɗaga ido ba. Bulus ma ya taɓa cewa zai nuna mini shi a waya, na ce ya bari.

Don Allah in kun sauka a gidan mutane, abin da ba za ku ci ba ku faɗa da bakinku. Kuma kafin ku zubar da komai a ƙasar da ba taku ba, ku tambayi wa ke kwance a wurin.