Yadda Gwaggo Ta Shiga Takarda

Gidanmu gidan dukawa ne a cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. In ka tambayi kowa a unguwa su wa ke riƙe da sana'ar, zai ce maka mutum biyu ne, Baba da ƙanensa da muke kira Baba Ƙarami. Su ke zaune a zaure suna yankan fata suna ɗinki, su baƙi ke gani. Amma akwai ta uku, yayarsu, Gwaggo, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ba ɗa ba jika, aka ba ta ni riƙo tun ina 'yar mitsitsiya. Ita ke rina fatun a can ƙuryar gida. Jan nan da ake yabon jakunkunanmu da shi daga tukwanenta yake fitowa, da karan dafi da kanwa da wani abu na uku wanda har yau ba ta gaya min ba, ni da na girma a bayanta.

Ba a taɓa yanka mata lada ba. Ci da sha dai tana cikinsu, in salla ta zo a yi mata turmi, in ciniki ya yi kyau Baba ya aika mata da abin goro. Kowa na ganin an kyauta mata.

Shekarar da nake ba da labari, wata mai kanti a Yamai ta ga jakunkunanmu a waya ta ce tana so da yawa, za ta riƙa aikawa waje. Sharaɗinta ɗaya, sai mun zama kamfani mai rajista da lambar haraji. Baba da Baba Ƙarami suka yanke shawara a zaure cikin rabin sa'a: kamfani na mutum biyu, rabi da rabi. Ni kuma da yake malamar makaranta ce, aka ce in raka su wurin lauya don in karanta musu Faransanci kada a sa su sayar da gida ba su sani ba.

Abin ya tsaya min a rai. Na riga na ji samarin gidan suna cewa in kamfani ya kafu za a riƙa sayo rini na gwangwani, an huta da jiran tsohuwa. Na san in aka rubuta suna biyu kawai, ranar da iyayen nan suka kau, Gwaggo za ta zama 'yar zaman alfarma a gidan ubanta. Na so in faɗa. Amma ni da nake tsawata wa aji guda ya yi tsit, na kasa buɗe baki a gaban tsofaffi biyu. Na ji haushin kaina ƙwarai.

Lauyan da muka je wurinsa kowa Metir yake ce masa, kamar yadda ake kiran lauyoyi a nan. Asalin gidansu Barebari ne, tare da Baba suka yi karatun allo. Ya daɗe yana aiki a Yamai, yana tsaya wa 'yan kasuwa da masu manyan motoci a shari'un ciniki da na haraji, da tsufa ya fara leƙo shi ya dawo Damagaram ya buɗe biro, wato ofishinsa. Gajere ne mai tumbi, baƙar rigarsa ta kotu tana rataye a bayan ƙofa. Ana cewa ma'aikatan haraji in sun ga sa hannunsa a takarda sai sun sake duba lissafinsu kafin su amsa.

Muna shiga ya dubi Baba ya ce, “Kai, baduku, har yanzu kana warin jima?”

Baba ya ce, “Gara ni. Kai da kake cin abinci da bakinka sau biyu, ka yi surutu a biya ka, sannan ka tauna.”

Sai da suka gama wannan aka zo kan magana. Baba Ƙarami ya yi bayani, ya ɗora jaka ɗaya a kan tebur don a ga irin aikin. Metir ya juya ta, ya sunsuna, ya dubi ɗinkin. Bai taɓa alƙalami ba. Ya ce shi ba ya rubuta takardar kamfani sai ya ga kamfanin da idonsa, gobe da hantsi yana nan tafe.

Baba ya ce, “Me za ka gani? Zauren da ka sha kwana a ciki?”

Ya ce, “Wancan zauren na sani. Na kamfani ne ban gani ba.”

Washegari ya zo. Motarsa ba ta shiga lungunmu, don haka ya ajiye ta a bakin hanya ya tako cikin rairayi, takalmi a hannu, yana haki yana gaisawa da duk tsohon da ya gamu da shi. Da ya zauna ya sha ruwa, sai ya ɗauki jakar jiya ya fara binta da baya. Wa ya sa maɗauri? Baba Ƙarami. Wa ya ɗinka? Baba. Wa ya yanka? Baba Ƙarami. Yana tambaya yana rubutawa a wani ɗan littafi da ya tsufa. Daga wa ake sayen fata? Daga majema. To wa ya mai da ita ja?

Baba ya ce, “A cikin gida ake yi.”

“Gida ba shi da hannu. Wa?”

“Yaya ce.”

Metir ya miƙe ya ce a yi masa iso. Ni na shige gaba.

Muka tarar da Gwaggo a tsugune gaban tukwanenta, hannu ja har gwiwar hannu. Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Wannan ba ɗan Barebarin nan ba ne da ya faɗa min cikin baƙin rini yana bin kaza?”

Babban lauya ya durƙusa har ƙasa, tumbi da komai, ya ce, “Ni ne, Yaya. Har yau ban koma fari ba.”

Ya zauna a kan turmi ya yi ta yi mata tambaya kamar ɗalibi. Kwana nawa fata ke yi? Me ya sa wannan ta fi waccan duhu? Wa ya koya mata? Ta ce kakarsu. Wa ta koya wa? Ta ce ba wanda ya tambaya. Da ya zo kan abu na uku da ake zubawa, ta ce masa ya je ya ci gaba da lauyancinsa. Ya yi dariya har da hawaye, ya rufe littafinsa, ya ce mu same shi a biro bayan kwana uku.

Ranar da muka koma muka tarar ya shirya takardu. Ya karanta da Faransanci yana fassarawa da kansa, ni dai 'yar kallo na zama. Komai ya tafi daidai, suna biyu, rabi da rabi. Raina ya ɓaci, na ce ashe zuwan nasa yawon shan ruwa ne. Can sai ya jawo wata takarda daban ya gyara tabarau.

Ya ce, “Saura abu ɗaya, ƙarami. Duk wanda ke yi wa kamfani aiki kullum sai an bayyana shi, in ba haka ba ranar da masu bincike suka zo ni za ku taso daga barci. To ga Yaya. Zan rubuta ta a ma'aikata. 'Yar ƙodago, mai rini. A yanka mata albashi, a sa mata lokacin shiga da na tashi. Wa zai zama mai gidanta a cikinku, wanda zai ba ta izini in za ta biki?”

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta canza haka ba. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

“Metir, Yaya ce fa. Ita ta goye ni.”

“Na sani.”

“Ita za ka rubuta 'yar ƙodagonmu? In ba ta izinin zuwa biki? Ni?”

Baba Ƙarami ya ce, “Haba! Ai ko a lahira ba mu da bakin gaya wa tsohonmu wannan. A bar ta kawai, kada a rubuta ta ko'ina.”

Metir ya girgiza kai. “Wannan ne ba zan yi ba. A takardar nan wanda ke aiki ɗayan biyu ne, ko mai abu ko ma'aikaci. Babu gurbin yaya. Ba ni na tsara ta ba. Kuma ku da kuke biyana, bari in gaya muku abin da ya shafi aljihunku. Matar Yamai jan nan ta gani. In gobe Yaya ta yi fushi ta kife tukwanenta, me kamfaninku zai sayar?”

Baba Ƙarami, wanda ba ya son abin da zai rage masa rabo, ya ce ai Yaya ba ta da jarin da za ta zuba. Metir ya ce doka ta yarda mutum ya shigo da gwanintarsa, ya sami rabo a riba da bakin magana a shawara, kuma tukwanen nan da kayan rinin in nata ne su ma dukiya ne, ana iya yi musu ƙima a sa a jari. Ya faɗe shi a sanyaye kamar mai ba da labarin farashin gero.

Baba ya mai da hularsa ya ce, “Rubuta uku. Kuma sunanta ne a sama, ita ce babba.”

Da na iya guɗa da na rangaɗa ta a biron nan. Sai na sunkuyar da kai ina ta gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Mun ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Da aka gaya wa Gwaggo sai ta ce sam. Ita ba ta shiga takardar nasara. Daga an rubuta sunan mutum sai a bi shi da lanho, wato haraji, ita kuwa ta tsufa da gudun masu karɓa. Baba ya yi lallashi, ni na yi, ta ce mu tashi mata daga kan fata. Dole Metir ya sake tako rairayin nan.

Bai lallashe ta ba. Ya ce mata gaskiya ne, za a biya haraji, kuma har da guminta a ciki. Ya ce, “Amma Yaya, hukuma ba ta bin wanda ba shi da komai. In kin ga ana bin mutum, to an yarda yana da abu.”

Ta daɗe tana juya fata a tukunya. Sannan ta ce, “In na shiga, yaran nan za su iya kawo min rinin gwangwani?”

“Sai an zauna da ke an yi shawara.”

“In na ce a'a?”

“Zan rubuta cewa maganar rini ba a yanke ta sai da yardarki.”

Ta ce, “To rubuta da babban baƙi.”

Ranar sa hannu ta ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, ta riƙe hannuna tun daga gida har ofishin da ake tabbatar da irin waɗannan takardu. Aka karanta sunanta da na mahaifinta a gaban mutane, ta amsa da ƙarfi har ma'aikacin ya ɗago kai.

Da muka fito na tsaya na yi wa Metir godiya. Ya ce godiyar me, shi gurbi ya gani babu kowa ya cike. Na ce to da sun yarda a rubuta ta 'yar ƙodago fa? Ya ce da ya rubuta, amma shekara sittin ya san Baba, ya san ba zai iya haɗiye wannan kalma ba. Ya ƙara da cewa in na sake zuwa bironsa da magana a baki in faɗe ta, don ranar farko saura kaɗan in yaga mayafina da murɗawa. Kunya ta kama ni, ashe duk yana kallo.

Metir yana nan har yanzu, ya ƙara tumbi, duk shekara shi ke duba mana takardun haraji yana zagin rubutun Baba Ƙarami. Rinin gwangwani bai shigo gidanmu ba. Biyu daga cikin samarin da suka so kawo shi yanzu su ke tsugune gaban tukwane suna shan faɗa.

Da shekarar farko ta cika aka raba riba, Baba Ƙarami ne ya kawo mata nata har ɗaki, a cikin ambulan. Ina zaune ina tsefe mata kai. Ya durƙusa ya miƙa, ya ɗan dakata yana jiran abin da ya saba ji. Gwaggo ta dubi ambulan ɗin ta ce, “Ajiye nan.” Ya ajiye. Ta tambaye shi ko fatun da aka ce za a kawo daga Zermu sun iso, ya ce sai jibi, ta ce to. Ya tashi ya fita yana waiwaye.

Na ce, “Gwaggo, ko na gode babu?”

Na ji kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin hannuna, ban gane ba ko dariya ce ko kuka, na kuma ƙi leƙawa.

Ta ce, “Godiyar ta zo min har baki, 'yar nan, na mai da ita. Shekara talatin ina godiya a kan abin da yake nawa. Ci gaba da tsifarki.”