Ranar da Na Juyo da Ƙanena

Gidanmu gidan allo ne. Mahaifinmu, wanda har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, yana karantarwa a zaurenmu, a wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa. Da ajami na fara riƙe alƙalami. Ƙanena, autanmu, shi aka sa a boko, kuma Allah ya ba shi kai. Ya gama jami'a bayan Dutse ta zama hedikwatar jiha, ya ɗan yi koyarwa, sannan ya koma neman digiri na biyu. In an tambaye ni me yake karantawa, sai in ce fannin koyarwa ne. Gaskiyar kuwa kiɗa da waƙa yake karantawa, musamman yadda mutum ɗaya zai tsaya ya sarrafa makaɗa da 'yan amshi da hannunsa kawai. A wurinmu kiɗa na maroƙa ne, shi ya sa nake ɓoyewa.

Jarrabawarsa ta ƙarshe ba ta takarda ba ce. Sai ya tara mutane ya horar da su, malamai biyu su taso daga jami'a su ga yadda yake ja musu gaba a bainar jama'a. Sau ɗaya suke zuwa a shekara. Wanda ya faɗi sai baɗi.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa yana takatsantsan da ganga. Sai ya zaɓi wata waƙar wa'azi ta kakanmu da ke cikin gafakar Malam, ya ce da bandiri kaɗai za a yi ta. Da jin haka na saki jiki. Gara ta ci gefen takardun, ni na zauna na cike gurbin da abin da Malam ya haddace. Ni kuma na kwafa wa kowane ɗan amshi tasa da ajami, don yawancinsu teloli ne da manoma da 'yan acaɓa, boko bai zauna musu ba.

Wata uku suna gwaji a wani ajin firamare, ina zuwa ina kallo. Ya raba 'yan amshin kashi uku, kowane kashi da inda yake shiga, kuma ba abin da ke gaya musu lokacin sai hannunsa. Na dama na masu bandiri ne, na hagu na masu amshi. Wata rana na ce masa, "Auta, duk karatun nan ashe mai ba mota hannu za ka zama."

Ya yi dariya ya ce, "To Yaya, ai shi ma in ya kau da kai motocin karo suke yi. Ranar jarrabawar dole in ba 'yan kallo baya, ka sani tun yanzu."

Na ce na ji. Wallahi na ji, kuma na gane.

Ranar ta zo, da hantsi, a babban ɗakin taron wata sakandare a Dutse. Malam ya zo saboda waƙar mahaifinsa ce, aka zaunar da shi a sahun gaba. Malaman jami'ar suna gefe da littattafansu, namiji da mace. Ni ina sahu na biyu cikin dattawan kwamitin masallacinmu, wanda ba a fi wata biyu da sa ni a ciki ba, ina ta jin kaina.

Ƙanena ya fito, ya durƙusa ya gaida Malam, ya miƙe ya juya ya ɗaga hannu. Bandiri ya ɗauka. Ban taɓa jin waƙar kakanmu ta yi daɗi haka ba. Ana cikin baiti na biyar sai dattijon da ke zaune a damana, wani mai sayar da hatsi, ya ce da na kusa da shi, yadda zan ji, "Wannan ba autan Malam ba ne? Ƙeya ya ba uban nasa?"

Ɗayan ya ce, "Boko ke nan, Alhaji. Ga yayansa nan ma a zaune, ko gezau."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ko kuwa in faɗi gaskiya, na sani. Na ratsa sahu na hau dandamalin, na dafa kafaɗunsa biyu na juyo da shi, na ce da ƙarfi, "Kai, ba ka da kunya ne? Malam ne fa a bayanka."

Bai yi gardama ba. Ƙane ba ya kokawa da yayansa a gaban mutane. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Yaya, don Allah." Hannunsa na hagu yana sama har lokacin. Kashi na farko suka shiga, na biyu suka tsaya jira, na uku suka faɗo a kan na farko. Mai bandiri ɗaya ya tsaya, sauran suka bi shi. Ɗakin ya yi tsit.

Malaman sun yi masa adalci, suka ce ya sake daga farko. Amma na riga na faɗi maganar a gaban jama'a, ba zai iya sake juya baya ba tare da ya ƙaryata ni ba. Sai ya tsaya a kaikaice, rabin jikinsa wajen Malam, rabi wajen mutanensa. Waɗanda ke can ƙarshe ba sa ganin hannunsa. A baiti na bakwai abin ya sake wargajewa. Na ga malamar ta rufe littafinta a hankali. Mai hatsin ya kama hannuna ya ce na yi abin da ya kamata.

Sai bayan la'asar na je wajen Malam a gida. Na shiga zaure yana ba wasu magidanta biyu karatu, na zauna a bayansa har ya gama. Bai waiwayo ba ya ce, "Tun da ka shigo, wa nake fuskanta?"

Na ce, "Ɗalibai, Malam."

"Na raina ka ke nan?"

Bai jira amsata ba.

Ya ce, "Yaron nan ya zo nan tun watan jiya, ya durƙusa ya nemi izinin ya ba ni baya, na ba shi. Kai da ka rubuta musu takardun, ka fi kowa sanin dalili. Ba mutuncina ka tashi karewa ba." Ya jawo buta ya fita.

Na koma ɗakin taron na sami ƙanena yana tattara takardun ajamin da mutanensa suka bari a kan benci. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai, Yaya." Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da shekara ta zagayo ya sake tara mutane, wasu tsofaffin, wasu sababbi, na sake kwafa musu. Ya ci jarrabawar. Amma Malam ya rasu da damina kafin ranar, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jin waƙar mahaifinsa ta wuce baiti na bakwai a bakin mutanen nan ba. Da yake ni ne babba, kujerarsa aka ba ni a sahun gaba. Ƙanena ya fito, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗan tsaya yana dubana. Na sunkuyar da kai na ce, "Juya, Auta."