Ranar da Baffa Hamajoɗa Ya Tura Mota

Tun da mai ya yi tsada a 'yan shekarun nan, babu mai mota a Jimeta da bai koyi lallaɓa totur ba. Za ka ga babban mutum ya kashe esi a tsakiyar zafin Afrilu, ya zuge gilasai, gumi na bin wuyan rigarsa. A majalisarmu ta ƙofar masallaci a Alkalawa, in zancen ya taso, sai wani ya ce ai duk wannan Malam Nu'uman ya riga kowa. A da in an tsokane shi da zancen mai dariya yake yi. Yanzu sai ya dubi ƙasa, ko ya tuna yana da alwalar da zai sake.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Mai kula da sito ne a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya, mutum mai sanyin magana, wanda ba a taɓa jin muryarsa daga waje ba. Kada a ɗauka marowaci ne. Kwanon gidansa yana fita zuwa maƙwabta fiye da na wasunmu. Mai ne kawai yake yi wa wani irin riƙo, kuma ni a ganina ba don kuɗin ba ne, abin ya zame masa kamar sana'a da yake alfahari da ita.

Motarsa tsohuwa ce ruwan toka, ya saye ta a hannun wani shugabansa da zai koma gida. Ba ya shan mai sai da sassafe, wai lokacin bai kumbura da zafi ba. Ba ya cika tanki, wai ranar Yola tana shanye abin da ya yi yawa, kuma nauyin man ma mai yake ci. Duk inda hanya ta ɗan gangara sai ya cire giya ya bar motar ta sulala da kanta. Ya san inda kowane rami yake tsakanin Jimeta da cikin Yola, saboda haka da wuya ka ga ya taka birki. Batirinsa ya daɗe da rauni, amma maimakon ya sake shi, sai ya riƙa ajiye motar a inda ƙasa ta karkata, da safe ya saki birki ta tashi. Allurar mai kuwa, ban taɓa ganin ta yi nisa da jan layi ba.

Ɗantani mai faci, wanda rumfarsa ke bakin layinmu, shi ne abokin tsokanarsa.

"Malam, motar nan da mai take tafiya ko da addu'a?"

"Da hankali take tafiya, Ɗantani. Ƙara mini iska a ta baya."

"Tayar nan ta fi goshina tauri. Ranar da za ka cika tanki dai ka faɗa mini tun da wuri, in sa sabuwar riga."

Gaskiya kuma dabararsa tana yi masa aiki. Abin da wani zai ƙone a kwana uku, shi sai ya kai shi mako. Shekaru da yawa motar ba ta taɓa mutuwa da shi a hanya ba, ko sau ɗaya. Ina jin da ta taɓa yi masa haka a wata rana da ba komai, da ya fi masa.

Matarsa Asta 'yar Mubi ce. Mahaifinta, Baffa Hamajoɗa, dillalin shanu ne a can, dogon tsoho mai ƙarancin magana. Wanda ya san gidajen Fulani ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Ba ka ci a gabansa, ba ka ɗaga ido ka dube shi, in kun haɗu a hanya ka cire takalmi ka durƙusa. In akwai magana, a bakin wani ake aiko ta. Fiye da shekara ashirin Malam Nu'uman yana riƙe da wannan ba tare da aibi ba, har tsohon yakan ce wa mutane ya dace da mijin 'ya.

A ƙarshen Oktoban 2014 Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga. Waɗanda suka ga Jimeta a makonnin nan ba sa bukatar a ba su labari. Kowane zaure ya cika da baƙi, kowace mota da ta hauro gadar shigowa gari tana ɗauke da katifu. Kwanaki ba a ji ɗuriyar Baffa ba, Asta ba ta ci ba ta sha. Sai wata safiya aka kira da wayar wani, aka ce tsohon ya fito ta daji da ƙafa, ya samu wata babbar mota ta sauke su a Song, yana nan zaune a gaban wani shago.

Ina tsaye a ƙofar gida lokacin da Malam Nu'uman ya saki birki. Asta ta leƙo daga zaure, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, yau dai ka cika ta."

"Na san hanyar Song," in ji shi. "Kada ki damu."

Ya biya gidan mai, ya bi layi har ya kai kan famfo. Mai zubawa ya tambaye shi, "A cika, Baba?" Sai bakinsa ya ce, "A'a, kamar kullum, ka ɗan ƙara kaɗan." Ya auna Song da dawowa a kansa, yadda ya saba zuwa shi kaɗai a hanya buɗaɗɗiya, ya ga har da saura.

Abin da ya biyo baya daga bakin Jemimah na ji shi. Maƙwabciyar Baffa ce a Mubi, tela ce, tare suka ratso daji, kuma ta yi watanni a gidan Malam Nu'uman daga baya. Ta ce da ya iso Song ya durƙusa ya gaida tsohon, sai Baffa ya nuna mutanen da ke zaune kusa da shi, mata da ƙananan yara, ya ce, kamar da iska yake magana, "Tare muka taho." Aka cusa kowa, wasu a kan cinyar wasu, aka ɗaure ƙullin kaya a saman mota har bayanta ya kusa taɓa ƙasa.

A bakin garin akwai wani mutum da jarka yana sayar da mai, mutane sun kewaye shi. Jemimah ta ce ta ga Malam Nu'uman ya rage gudu, ya dubi allura, ya saci kallon kujerar da surukinsa yake, sannan ya wuce. Tsayawa a nan tamkar faɗa wa tsohon ne cewa ya zo ɗaukarsa ba da shiri ba.

Hanyar da ya sani ba ita ya tarar ba. Duk arewacin jihar ne ke gangarowa Yola a ranar. Ga shingen sojoji a kai a kai, kowane shinge da layinsa, ana sauke mutane ana buɗe but. Mota ta matsa taku kaɗan ta tsaya, ta sake matsawa, duk a giya ta ɗaya, da nauyin da ba ta taɓa ɗauka ba. Sauran direbobi suna kashe injin in layi ya tsaya. Shi ba dama, ya san batirinsa, in ta mutu a fili babu gangaren da zai tashe ta. Haka ta yi ta ƙuna a tsaye, rana tana karkata. Yara suna kuka, shi kuwa rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Bayan la'asar, gab da Girei, ana hango shinge, motar ta yi tari ta yi shiru.

A wancan lokacin mota ta tsaya cak a kusa da sojoji ba ƙaramin abu ba ne. Wani soja ya ɗaga bindiga ya daka tsawa, ya ce a kawar da ita yanzu, direba kuma kada ya kuskura ya fito. Babu wanda ya iya tuƙi a cikinsu sai shi. Matan suka fita. Sai aka ji ƙofar gaba ta buɗe.

"Na ce, Baba, ka zauna, ƙafanka ya kumbura," in ji Jemimah. "Ko kallona bai yi ba. Ya cire hulansa ya ba ni, ya naɗe hannun riga, ya je baya."

Tsohon ya haura saba'in. Takalmansa sun tsinke tun a daji, tsumma ne ɗaure a ƙafafunsa. Ya dafa but ya sunkuya tare da matan, suka tura, kwalta tana da zafi, mutanen da ke cikin sauran motoci suna kallo. Malam Nu'uman yana zaune a kujera riƙe da sitiyari. Ya taɓa ce mini, sau ɗaya tak, a madubi ya fara ganin fuskar surukinsa sosai a ranar, bai san yana da tabo a goshi ba sai lokacin.

Bayan sun wuce shingen wani mai a-kori-kura ya tausaya, ya zuƙo musu ɗan mai da tiyo, aka sake turawa ta tashi. Da magariba suka shigo Alkalawa. Asta ta wanke ƙafafun mahaifinta da ruwan ɗumi, ta ga tsumman ya manne da jini. Ba ta tambayi kowa komai ba, Jemimah ce ta kasa riƙewa ta faɗa mata.

Baffa ya zauna a ɗakin zaure wata da watanni. Bai taɓa ɗaga zancen ba. Yana amsa gaisuwa yadda ya saba, yana sa albarka. Washegarin dawowarsu Malam Nu'uman ya sayi sabon batir, ya cika tanki har wuya. Ɗantani ya ga allurar da ya zo duba taya, ya buɗe baki, sai ya rufe, ya ci gaba da aikinsa. Labari ya riga ya zaga layin.

Ranar Juma'a ya wanke motar da kansa, ya kawo ta ƙofar zaure don kai Baffa masallaci, ya buɗe ƙofa ya koma gefe ya tsaya. Sai Asta ta fito da saƙo, idonta a ƙasa.

"Baffa ya ce a gode maka. Ya ce ka bar wa yara man, shi zai bi Keke."

Haka aka yi kowace Juma'a. Motar tana tsaye a wanke, tsohon ya ratsa ta gefenta da sandarsa, ya je bakin titi ya tsayar da Keke. Malam Nu'uman bai daina kawo ta ba, shi ma bai fara shiga ba. Mu da ke zaune a ƙofar masallaci mukan sami abin dubawa a wani gefen.

Da hanya ta buɗe, mutane suka fara komawa, Baffa ya ce zai je ya ga abin da ya rage na gidansa. A tasha ya shiga motar haya. Malam Nu'uman ya loda buhunan hatsi da katifa da tukwanen da Asta ta haɗa, ya bi bayan motar hayar tun daga gada har Mubi, kujerar gaba ba kowa. Ya sauke kayan, ya durƙusa, aka sa masa albarka, ya juyo.

Daga baya ya roƙe ni in yi masa magana, tunda shi ba shi da bakin yi. Na je har Mubi da sunan gaisuwa. Bayan mun sha shayi na kewaya na kewaya, na ce Malam Nu'uman yana cikin damuwa game da abin da ya faru da motar nan a hanyar Girei.

"Wace mota?" in ji tsohon. Sai ya shiga ba ni labarin yadda shanu suka yi wuya a kasuwa.

Na dawo na faɗa wa Malam Nu'uman yadda muka yi. Ya tambaye ni ko wannan yafiya ce. Na ce ban sani ba, kuma har yau ban sani ba. Wataƙila tsohon yana rufa masa asiri ne, don kada su zauna kusa da juna a inda abin ya faru. Wataƙila kuma ba haka ba ne. Shekaru suka wuce, Baffa yakan zo Yola ganin jikoki ko ganin likita, kullum a motar haya, daga tasha kuma Keke. Kullum kuma motar tana ƙofar zaure a cike, ko a lokacin da masu albashi ma suka jingine nasu.

Bara da damina aka kawo shi asibiti a Yola, jiki ya yi nauyi. Bayan kwanaki likita ya kira Asta gefe ya ce gara a kai shi gida. Ba wanda ya yi shawara da kowa. Malam Nu'uman ya matso da motar har bakin ƙofa, muka ɗauko tsohon a zani muka shimfiɗe shi a kujerar baya, na zauna na ɗora kansa a cinyata. Ya rufe gilasai ya kunna esi. Daga Yola zuwa Jimeta bai cire giya ba ko a gangare, bai kuma dubi madubi ba. Kwana biyu bayan haka Baffa Hamajoɗa ya cika a ɗakin zaure.

Da muka dawo daga maƙabarta muna zaune a tabarma, mutane sun ɗan ragu, sai ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Hamma Abdulƙadir, kai ne ka riƙe shi a baya. Ya buɗe ido a hanya?"

"Ban gani ba."

"Wato bai san motar wa aka sa shi ba."

Na ce Allah ne masani. Ya gyaɗa kai a hankali. Sai ga wasu mutanen Mubi sun iso gaisuwa, ya tashi ya tarye su.