Kawu Sabi'u Mai Rakiyar Jirage

Ku da kuka zauna a Tianxiu, can ƙasar Sin, kun san ranar da kwantena za ta tashi ba a samun Kawu Sabi'u a ofis. Sai ya zura babbar riga, ya kama mota har bakin ruwa a Huangpu, ya tsaya yana ɗaga wa jirage hannu: "A sauka lafiya! A gaida mutanen Legas!" Ni nake raka shi, don ƙanen mahaifiyata ne, kuma a wurinsa na sauka da na zo karatun ƙera jirgin ruwa. Tun daga ranar ya laƙaba mini Injiniya, kuma bai taɓa faɗa ba sai da murmushin mugunta.

Wata rana na ce, "Kawu, wancan fa ba namu ba ne, Turai ya nufa."

Ya ce, "To shi ɗan Turan ba ya son addu'a? Yi mini shiru, Injiniya."

Abin da ya tsana a duniya shi ne ya ga fili a cikin kwantena. Muna loda dilolin wandon jins daga Xintang, na zaro waya na yi aune-aunena na 'yan boko, na ce dila biyu ba za su shiga ba ko za a mutu. Kawu ya dubi kwantena, ya dubi tumbina.

"Hau sama ka danne."

"Kawu, ni fa ɗalibi ne!"

"Shi ya sa. Ilimi nauyi gare shi. Hau!"

Na hau, na yi ta birgima kamar jaki a toka, dila biyun nan suka shige tsaf. Sai ni na maƙale tsakanin kaya da rufi, ƙafafuna kawai ake gani. Ina jin sa yana ce wa masu lodi, "Ku rufe abinku, dama uwarsa ta dame ni da kewarsa."

Na ƙullace shi a raina. Ganin bai taɓa taka jirgi ba duk son jiragensa, na baza labari a masallaci cewa Kawu tsoron ruwa yake. Da magana ta kai kunnensa bai yi musu ba, sai ya ce in zo mu shiga jirgin fito mu tsallaka kogi. Jama'a, ba mu kai tsakiya ba cikina ya juya! Na durƙusa na rungume ƙarfe ina salati, wata tsohuwa 'yar Sin tana shafa mini man zafi a goshi. Kawu kuwa yana zaune yana ɓare lemo.

"Injiniya, kogi ne fa. In ka ƙera naka jirgin, ka sa masa taya."

A tsallaken ne na san abokinsa, wani tsoho mai suna Chen, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a ma'aikatar ƙera jirage, yanzu yake gadin ƙofa. Ashe duk Asabar Kawu na zagayowa ta gada ya zo wurinsa shan shayi. Kawu na zuba Hausa, tsoho na zuba yarensu, suna ƙyaƙyata dariya har da tafawa. Na ce bari in taimaka da fassara, tunda na yi aji biyu na Sinanci. Kawu ya riƙe mini hannu.

"Kul! Shekara da shekaru muna zaman lafiya. Kana fassarawa za mu gano ba mu yarda da juna ba."

Da ciwo ya ci ƙarfin Kawu muka kai shi gida Kano, can ya cika. Bayan na dawo na daɗe ina ɗage zuwa wurin tsohon. Ranar da na je, na tarar ya jera kofi biyu. Ya leƙa bayana, ya ce, "Laoban?" wato maigida.

Duk Sinancin da nake taƙama da shi ya gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne kalmar da 'yan shago ke faɗa in kaya ya ƙare: "Meiyo." Babu.

Tsohon ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya cika kofi na biyun, ya turo mini, muka sha.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka, ya haskaka makwancinka, ya sa ka isa lafiya.