Akwatin Teburin Domino da Baba Nata'ala Ya Riƙe

Ranar Talata, 18 ga Maris 2014, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Nata'ala a wani asibiti da ke Giza. Na Allah muke, kuma wurinSa za a mayar da mu. Na san haka, na kuma yarda da shi. Amma Baba, ka yafe mini, yau da fushi nake rubuta maka.

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Alƙahira ya san ɗakin nan naka na unguwar Darrasa, bayan shagunan littattafai. Tebura ne na domino, da butar shayi da ba ta sauka daga wuta. 'Yan Najeriya da 'yan Nijar da Hausawan Sudan duk nan suke haɗuwa. Al'adar wurin ita ce, wanda aka cinye a wasa ya biya shayin tebur, ya kuma jefa abin da ya sawwaƙa a akwatin katako da ke bakin ƙofa. Da wannan akwati ake kai marar lafiya asibiti, da shi ake suturta baƙon da ya mutu ba dangi. Sharaɗinka guda ne: ba a faɗin sunan wanda aka taimaka. Kai kaɗai ke sani, kai kake kaiwa.

Ni kaina shaida ne. A shekarar juyin juya halin Masar, lokacin da kuɗin karatunmu suka daina zuwa, na kwanta da zazzaɓi a ɗakin ɗalibai. Ka shigo da ledar magani da burodi, ka ajiye, ka ce, "Sada, tashi ka ci, uwarka ba don ka mutu ta aiko ka Masar ba." Har ka bar duniya ba ka taɓa tuna mini ba, sai dai tsokanar da kake yi mini cewa na fi kowa ciyar da akwatin saboda ban iya wasa ba.

Wasu cikinmu masu rawani sun sha cewa kuɗin akwatin da ƙamshin caca, ba za su taɓa shi ba. Ba ka yi musu da kowa ba. To sai bara wata tawaga ta zo daga wata jiha ta gida, wai za ta tallata wuraren yawon buɗe ido na jiharta ga Misrawa. Nan da nan ƙamshin ya gushe. Kwamitin al'umma, ƙarƙashin Alhaji Sulaimanu, ya yanke cewa duk abin da teburanka za su tara a shekarar a ware shi gudummawa ga wannan talla, don a san da mu.

A wane lokaci? A lokacin da masu raƙuma a gindin dalar Giza ke sayar da dabbobinsu don babu baƙi. Mutanen da suka rasa mai zuwa kallon dalarsu, su za mu kira otal a unguwar Ma'adi mu nuna musu hoton dutse da tafki! Ko hanyar zuwa tafkin ba a gyara ba, kowa a cikinmu ya sani.

Ina wurin taron da aka yanke hukuncin. Ka miƙe da ƙyar, muka ɗauka tsufa ne. Ka ce, "Alhaji, akwai mutum biyu da ake wa wankin ƙoda da akwatin nan. A bar musu."

Alhaji Sulaimanu ya ce, "Su wane ne, Baba? A faɗi sunayensu kwamiti ya duba."

Ka ce, "Ba a faɗa."

Ya ce, "To ma'alish, sai haƙuri. Ba suna, ba magana. Khalas, an gama."

Ka zauna. Ba wanda ya goya maka baya, har da ni. Aka ɗauke akwatin, aka kama zaure, aka ɗauko makaɗa, aka buga manyan hotuna. Waɗanda suka halarta mu ne da 'yan tawagar, sai ma'aikatan otal da ke jiran mu tashi su share. Tawagar ta koma gida, ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

Sai a wurin wankan gawarka matarka, Inna Afra, ta faɗa mana abin da ya hana mu barci. Ɗaya daga cikin mutum biyun nan kai ne. Bayan an ɗauke akwatin ka sayar da tebur, ka sayar da firiji, ka riƙa tsallake ranakun wankin ƙodarka don ɗayan ya samu nasa. Da ka buɗe baki ka ce ni ne, wallahi da an ji kunya an bar maka. Amma da ka faɗi naka, da an nemi na ɗayan, kai kuwa ka riga ka yi masa alkawarin rufin asiri.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, ban ce kwamiti ya kashe ka ba. Na ce kwamiti ya sa dattijo ya zaɓa tsakanin ransa da amanarsa saboda hoton tafki. Jiya sun zo zaman makoki da manyan riguna suna yabon halinka. Na kasa ɗaga hannu in gaisa da su. Su mayar da akwatin bakin ƙofa, shi ne ta'aziyyar da ta rage musu.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka, Ya rufa maka asiri ranar tsayuwa kamar yadda ka rufa wa bayinSa. Allah Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Afra, da 'yarka Ummi, da 'yan'uwanka na Kano da na Omdurman. Allah Ya ba ku haƙuri.

Kai kuma na biyun, ko wane ne kai, ko Inna Afra ba ta san sunanka ba. Ranar wankin ƙodarka na zuwa, mai kai maka kuma mun binne shi. Don girman Allah ka nemi ɗayanmu a ɓoye, kada mu san ka a wurin jana'iza.