Kwallin Goggo

Mun tashi da asuba daga Sanyinna, ni da wani abokina, a kan sabon babur ɗina. Goggo, ƙanwar babana, ita ta sa ni tafiyar. Shekara goma sha huɗu ke nan da 'yan doka suka tafi da mijinta don ya yi magana a taron siyasa, bai dawo ba. Malamai sun ce ta yi takaba ta huta, ta ce sai ta ga shaida. Kullum da safe takan sa kwalli, ko zai shigo.

Ni da littattafan soyayya suka cika wa kai, tun a hanya na gama tsara labarin: zan buɗe fayil in tarar da wasiƙar da ya rubuta mata, hawaye ya ɓata tawada.

A Tambuwal motocin siminti sun tare hanya, ƙosai kuma ya ƙanƙance tun da kuɗi suka yawaita. A ofishin gidan yari na nemi littafin sunayen fursunoni, akawu ya ce sirrin gwamnati ne, sai an rubuto daga Sakkwato. Na zauna, na tashi, na zagaya bishiyar ƙofar har azahar. Nan wani tsohon masinja ya biyo ni.

"Ɗana, wanga littafi ba shi nan. Da anka ce a ƙone shi, wani gandiroba ya tahi da shi Kebbe."

Hanyar Kebbe yashi ce zalla. Sau biyu muka faɗi, abokina ya rantse cewa da ƙafa zai koma. Fura da nono kawai muka sha, a tsaye.

Tsohon gandiroban ya ciro littafin daga adaka, a naɗe cikin zane. Babu wasiƙa. Layi ɗaya ne: sunan mijin Goggo, garinsu, ya rasu kwana tara da kama shi. Gurbin dalili ba a rubuta komai ba.

"Baba, me ya kashe shi?"

"Ni na yi mai wanka. Bayanshi ba ya taɓuwa don bulala."

Na roƙi shafin, ya hana. Ya ce akwai sunayen wasu a jiki, nasu ba su zo ba tukuna. Sai na kwafa a bangon littafin soyayyar da ke aljihuna.

Washegari da hantsi muka iso gida. Tafiyar ta koya mini cewa layi ɗaya da aka rufe a akwati yana iya tsayar da rayuwar mace. Na karanta wa Goggo, ta sa na maimaita.

"Kwana tara," ta ce. "Miƙo min buta."

Ta wanke kwallin.